Gyambon Baffa da Kwaɗin Marka

Asabar

Ƙafar Baffa ta ƙi. Tun kafin saukar ruwan farko mai yankan farce ya ɗan ƙwarzane shi a gefen babban yatsa, irin abin da mai lafiya ba zai waiwaya ba. To shi ciwon suga ya daɗe da kashe masa jijiyoyin tafin ƙafa, bai ma san an yanke shi ba sai da ya ga jini a silifas. Yau wurin ya zama rami. Bakinsa ya yi fari ya yi tauri, cikinsa na tsattsafo da ruwa mai ɗan kore-kore, ga wani wari da turaren wutar Hajiya ya kasa dannewa.

Ƙanwata, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ta ce a kawo mata duk abin da ya sha. Hajiya ta juye leda a kan tabarma. Ga Ampiclox, ga Flagyl, ga ciprofloxacin na kamfani biyu, ga kafso ja-da-yalo da ake ɓarewa a barbaɗa a kan ciwon, ga kwalaben allurar ceftriaxone da wani yaro ya riƙa zuwa gida yana yi masa. Ta riƙa ɗaga katin magani ɗaya bayan ɗaya, babu wanda aka shanye.

"Baffa, yau dai sai asibiti."

"Ke 'yar nan, can yanke ƙafa suke yi."

"Wanda ya makara ake yanke wa, Baffa. In ka tashi yanzu ba ka makara ba."

Sai da aka haɗa shi da Gwaggo a waya sannan ya yarda. Muka fito daga Babban Giji cikin yayyafi, mai adaidaita yana kauce wa ruwan da ya kwanta a layuka har muka hau kwalta. Likita ya ƙanƙare mataccen naman Baffa yana kallo, ko motsi bai yi ba. Ya ɗebi kaɗan daga can ƙasan ramin ya sa a kwalba, ya ce a kai a yi kalca, a shuka a ga wace ƙwayar cuta ce ta tsiro da maganin da take ji. Aka ba shi gado.

Na dawo bayan isha'i. Marka ta kankama, kwaɗin kududdufin bayan layinmu sun hana kowa jin rediyonsa.

Lahadi

Da safe aka tsinci wani ƙaton kwaɗo ya lafe a bayan buta a banɗaki. Ni dai na ja da baya. Ɗan yayarmu ya ruga kicin ya dumtso gishiri zai watsa masa, ƙanwata ta riƙe hannunsa, ta zura nata hannun a leda ta ɗauki kwaɗon ta kai shi bakin kwata. Tana wanke hannu ta ce, "Yaya, ka taɓa ganin kwaɗo da gyambo?"

Tambayar ta tsaya mini a rai. Dabba ce da ba ta da gashi, ba ta da ɓawo, fatarta siririya ce mai danshi har numfashi take yi da ita, ga ta kwana da wuni cikin ruwan da ya kwaso dattin unguwa. Da ɗan Adam ne da buɗaɗɗen ciwo a wannan ruwa, da tuni an yi sadakar bakwai.

Irin wannan tambayar ce ta tsayar da wani likita Ba'amurke, Michael Zasloff, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Bethesda. Shi ba ma kwaɗi yake bincike ba, ƙwansu yake buƙata. Yakan tsaga cikin macen wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka da masana ke kira Xenopus laevis, ya kwashi ƙwan, ya ɗinke, ya mayar da ita cikin tanki mai ruwa gurɓatacce. Ba ya ba ta maganin komai, amma ɗinkin ya warke sumul. Da ya bi sawu sai ya tarar da wasu gajerun sinadarai guda biyu a fatar, kowanne sarƙa ce ta amino asid 23, irin tubalan da ake gina furotin da su. Ya sa musu suna magainin, ya buga sakamakon a 1987. Irin waɗannan gajerun sarƙoƙi su ake kira feftayid. Ba shi ya fara ganin irinsu ba, domin masu bincike a Ostiriya sun ciro wani mai suna bombinin daga wani ɗan kwaɗon Turai tun wajen 1970, amma aikinsa ne ya buɗe ƙofar. Daga baya aka samo dermaseptin a kwaɗin bishiya na Kudancin Amurka, da brevinin a Japan, da temporin a Italiya. Yau waɗanda aka lissafa daga kwaɗi da danginsu sun haura 1,000, babu wani jinsin dabba da ya ba da ko kusa da haka.

Mutanen karkarar Rasha ma sun riga masana. Kafin zuwan firji sukan jefa kwaɗo cikin ƙwaryar madara don kada ta yi saurin lalacewa. A 2012 Albert Lebedev na Jami'ar Mosko da abokan aikinsa suka binciki majinar fatar wannan kwaɗo, suka ƙara gano feftayid 76 a kan waɗanda aka sani. Na faɗa wa Hajiya wannan, ta ce Allah ya kiyashe ta da nonon Rasha.

Abin da ya sa masana suka ɗora buri a kansu shi ne yadda suke kisa. Magungunan da ke cikin ledar Baffa kowanne wuri guda yake kai wa hari. Dangin penisilin suna hana ƙwayar cuta gina bangonta. Ciprofloxacin yana tsayar da sinadarin da ke warware mata zaren gado lokacin da za ta hayayyafa. Ja-da-yalo yana toshe inda take ƙera furotin. To in ta ɗan sauya fasalin wannan wuri guda, ko ta ƙera abin da zai tsinka maganin, ko ta kafa famfon da ke fitar da shi waje, ta tsira. Kuma ba ta rowa da dabarar: tana miƙa wa maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Feftayid ɗin kwaɗo shi jikin ƙwayar gaba ɗaya yake nufa. Yana ɗauke da cajin lantarki na fozitif, fatar bakteriya kuma negatif ce, sai ta janyo shi da kanta. Da ya manne sai ya murɗe ya zama zagayayye, gefe ɗaya mai son ruwa, ɗaya gefen mai son maiƙo. Gefen maiƙon ya nutse cikin fatar, 'yan'uwansa su taru a wuri guda su huda ƙofa, abin cikin ya tsiyaye kamar ledar fiya-wata da aka soka wa ƙusa. Cikin mintuna an gama. Namu ƙwayoyin jikin kusan ba su da wannan caji a waje, ga kolestarol da ke ƙara musu tauri, shi ya sa yake ɗan raga musu. Na ce "ɗan", domin a nan rigimar take.

Litinin

Na tsaya kemis ɗin bakin titi sayen auduga da bandeji, na daɗe a tsaye saboda layi. Wani saurayi ya ce a ba shi Ampiclox guda biyu, ƙurji ya fito masa. Wata mata ta aiko yarinya da kuɗi a ƙulle a gefen hijabi, a ba ta maganin sanyi. Wani dattijo ya ce taifot ɗinsa ce ta motsa, ya san maganinsa, mai kwalin nan kore. Aka yanka kati da almakashi aka ba kowa daidai kuɗinsa.

Da wurin ya yi sauƙi na ce wa mai shagon, "Malam, guda biyun nan me za su yi masa?"

"Wallahi Alhaji, in na ce sai da takardar likita, shago na gaba zai je. Kuma kuɗin biyu gare shi."

Ban iya musa masa ba. Kuɗin kati da na mota da na gwaji sun ninka na kafso sau da yawa, ga wunin da mutum zai rasa a layin asibiti. Amma guda biyun nan su ne makarantar ƙwayar cuta: su kashe raunana, su bar masu taurin kai su gaje wurin. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, da bakinsa ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Ƙara da abin da masu kiwon kaji ke zubawa a ruwan sha tun tsaki na kwana ɗaya, da jabun da sinadarinsa bai cika ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci. Shi ya sa na ga hikimar tashin dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, duk da ƙorafin da aka sha. Sai dai wannan ya taɓa ingancin kwali ne kawai, bai taɓa almakashin ba.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma tana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin da ya fi kowanne yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Kason Nijeriya a wannan shekara 64,500 ne kai tsaye, 263,400 kuma da hannunta a ciki. Kano na cikin lissafin da idonta. Asibitin Murtala na cikin asibitocin ƙasashe bakwai da aka yi binciken BARNARDS a kan jariran da cuta ta shiga jininsu, tsakanin 2015 da 2018, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Cardiff. An tarar mafi yawan ƙwayoyin da aka ciro, irin su Klebsiella, ba sa jin ampicillin, kaso mai yawa kuma ba sa jin gentamicin. Su biyun nan kuwa su ne aka tsara a fara ba jariri. A gida sai a ce yaron bai zo da kwana ba.

Talata

Sakamako bai fito ba. Baffa ya fara mita, wai an kwantar da shi ana wanke masa ƙafa kawai, abin da Hajiya za ta iya yi a gida. An hana shi taka ƙafar, an sa masa insulin, an raba shi da shayi mai madarar gwangwani, wannan ne ya fi ɓata masa rai.

Abin mamaki, maganin kashe ƙwayoyin cuta na farko da aka ƙera daga fatar kwaɗo don irin ciwon Baffa aka yi shi. Bayan binciken Zasloff an kafa kamfani, aka gyara magainin ya zama sarƙa mai amino asid 22, aka sa masa suna pexiganan, aka haɗa shi a man shafawa don gyambon ƙafar masu ciwon suga. An gwada shi a kan marasa lafiya fiye da 800, aka kwatanta da ƙwayar ofloxacin da ake haɗiya. Sakamakon ya zo kusan kai ɗaya, amma a 1999 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa, ta ce hujjar ba ta gamsar da ita ba. Maganin ya yi shekaru a ajiye. Wani kamfani, Dipexium, ya sake ɗauko shi, ya yi sabon gwaji a kan masu gyambon da bai yi tsanani ba: rabi a shafa musu man mai maganin, rabi a shafa musu man da babu komai a ciki, kowa kuma a kula da ciwonsa yadda ya kamata. A Oktoban 2016 aka sanar cewa babu wani bambancin a-zo-a-gani. Daga 1987 zuwa yau babu ko feftayid ɗin kwaɗo guda da ya zama maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita zai rubuta.

Na karanta wa Baffa wannan a gefen gado, na nuna masa cewa waɗanda aka wanke wa ciwo da kyau, aka cire mataccen nama, aka hana su takawa, da yawansu sun warke ba tare da maganin ba. Ya ce, "To kai ma ka koma bayansu ke nan."

Me ke kayar da su? Abin da ya yi aiki a faranti ba lalle ya yi a jiki ba. Jininmu da ruwan miki cike suke da sinadaran da aikinsu ke nan su daddatsa furotin, feftayid kuma a wurinsu nama ne. Haɗiya ba ta yiwuwa, ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da tsire. Gishirin jiki yana rage masa ƙarfin mannewa. In aka ƙara yawansa don ya yi tasiri, sai ya fara fasa jajayen ƙwayoyin jini. Ga tsadar haɗawa, amino asid ɗaya bayan ɗaya a cikin na'ura. A kan wannan kuma ga kasuwar da ba ta da riba: sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ya yi kyau, ɓoye shi likitoci suke yi sai ta ɓaci. Kamfanin Achaogen ya sami amincewar sabon maganinsa a 2018, ya karye a 2019. Mai kuɗi ya gwammace ya zuba jari a maganin hawan jini da za a sha har mutuwa.

Laraba

Ya fito. Ƙanwata ta riga ni ganin takardar, ta kuma roƙi abokiyar aikinta ta ɗauko mata hoton farantin a waya. Faranti ne na roba mai faɗin tafin hannu, an shafe fuskarsa da ƙwayar da ta tsiro daga naman Baffa, duk ya yi wani kore mai duhu. An jera ƙananan fararen takardu zagayayyu a kai, kowacce jiƙe da magani guda, aka kwana da shi a akwatin ɗumi. Inda magani ke aiki, za ka ga fili tas ya kewaye takardar. A hoton nan ƙwayar ta tsiro har jikin takardun, ta rungume su. Biyu ne kawai ke da fili.

Sunanta Pseudomonas aeruginosa. Ita ke yin wannan launi da kanta, shi ne koren da muka gani a bandeji. A takardar an jera sunayen magunguna, gaban kowanne harafi guda: R, R, R, wato ba ta jin su, har ƙasa, sai S, wato tana jin su, a gaban meropenem da amikacin. Ƙanwata ta ce Ampiclox da Flagyl da ceftriaxone dama can ba sa taɓa wannan ƙwaya, ko a zamanin kakanninta. Sun dai share mata fili ne, sun kashe masu gasa da ita. Ciprofloxacin ne ya kamata ya yi, shi kuma an sha shi rabi-rabi har ta haddace shi.

Likita ya zaɓi meropenem saboda ƙodar Baffa, ta jijiya, kowace awa takwas. Da aka faɗi kuɗin kwalba ɗaya sai ɗakin ya yi tsit, aka fara kiran 'yan'uwa. Na tambayi ƙanwata in wannan ma ya ƙi fa. Ta ce sai colistin. Shi ma feftayid ne, amma daga wata bakteriyar ƙasa aka samo shi a Japan wajen 1950, kuma fatar ƙwayar cuta yake fasawa. An jingine shi shekaru da yawa don yana cin ƙoda, rashin mafita ya sa aka dawo da shi. Ana haka masu kiwo a ƙasashe da dama suna zuba shi a abincin dabbobi da buhu-buhu, har a 2015 aka gano a China wata ƙwayar gado mai suna mcr-1 da ke sa bakteriya ta bijire masa, tana kuma iya raba wa wasu. Cikin ɗan lokaci aka gan ta a nahiyoyi da dama.

Wannan ya kashe mini zancen da ake yawan yi cewa ƙwayar cuta ba za ta iya bijire wa feftayid ba. A 2006 wasu masu bincike a Kanada, da Zasloff kansa a cikinsu, sun yi ta renon bakteriya cikin pexiganan kaɗan-kaɗan har zuriya 600 zuwa 700, kuma mafi yawan layukan sun koyi jure masa. Wani gwajin daga baya ya nuna abin da ya fi wannan tayar da hankali: ƙwayar da ta saba da pexiganan ta ɗan fara jure wa irin feftayid ɗin da jikin ɗan Adam ke yi. Domin mu ma muna da namu, a fata da yawu da hawaye da fararen ƙwayoyin jini.

To me ya sa na kwaɗo bai daina aiki ba tsawon miliyoyin shekaru? A fahimtata amsar tana ga yadda yake amfani da shi. Ba ya yawo da shi a shafe kullum. Yana ajiye ne cikin wasu ƙananan jakunkuna a fata, sai an ji masa ciwo ko an firgita shi ya fesa da yawa a lokaci guda, a daidai wurin. Ba kuma guda ɗaya yake fesawa ba, gauraye ne, wasu na ƙarfafa wasu: magainin da wani ɗan'uwansa PGLa in sun haɗu sun fi ƙarfin kowannensu nesa ba kusa ba. Bayan ɗan lokaci sinadaran fatar su daddatsa abin da ya rage, ba a bar saura yana yawo ba. Mu kuwa guda ɗaya muke ba wa, kaɗan-kaɗan, ga mai buƙata da mara buƙata, ragowar ta bi fitsari ta gangara kwata. In an kawo mana na kwaɗon gobe muka yanka shi da almakashi, hanyar colistin zai bi.

Juma'a

Jiya Gwaggo ta iso daga ƙauye da kwanon fura da shawara. Labarin da na ba Hajiya ya zaga ya dawo da ƙafafu: wai Turawa sun tabbatar kwaɗo na warkar da gyambo, a samo mai rai a tsaga a ɗaure a kan ciwon ya kwana. Har ta sa an kama mata biyu a gwangwani.

"Gwaggo, don Allah ki rufa mana asiri," in ji ƙanwata.

"Ke da wa? Ba yayanki ne ya faɗa ba?"

Sai da muka zauna da ita. Wanda ke gwangwaninta irin na tsakar gida ne, mai kaushin fata, mai kumburi biyu a bayan idanu. Farin ruwan da ke cikin kumburin nan guba ne da ke taɓa bugun zuciya, shi ke sa kare kumfar baki in ya cafke shi. A birnin New York an yi mutanen da suka mutu a shekarun 1990 bayan sun haɗiyi wani maganin ƙarfin maza da aka haɗa da irin wannan guba. Ko kwaɗon ruwa mai santsi ne, jikinsa da hanjinsa ɗauke suke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Aeromonas, waɗanda shi ya saba da su, ƙafar mai ciwon suga kuwa ba ta saba ba. Gwaggo ta ce to, amma fuskarta ba ta ce to ba.

Wanda ya kashe maganar malamin layinmu ne, da ya zo dubiya bayan an sauko daga masallaci. Ya ce akwai hadisi a Sunan Abu Dawud da Nasa'i, daga Abdurrahman bin Usman, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. Nan take Gwaggo ta aika a saki na gwangwani.

Malam ya juyo gare ni ya ce, "To su masu binciken naka, yanka su suke yi?" Na ce a da an yi ta fiɗe fatar, amma yanzu akasari ɗan lantarki mara ƙarfi ake sa wa kwaɗon, ko allurar da ke sa jakunkunan su matse, a wanke majinar cikin kwalba, a mayar da shi ruwa. Da zarar an karanta jerin amino asid ɗin kuma an gama da kwaɗo, na'ura ce za ta ci gaba da haɗawa. Ya jinjina kai ya ce wannan mas'ala ce mai daɗin zama a kanta.

Warin ƙafar ya ragu, koren ya ɗauke daga bandeji, gefen ramin ya fara yin ja. Baffa har ya fara lissafin cewa tunda an samu sauƙi a tsayar da allurar haka, a rage asara. Ƙanwata ta ce, "Baffa, ledar nan ta gida da haka ta cika." Hajiya ta ce in ya sake zancen za ta kira Gwaggo.

Lahadi

Rana ta fito. Na bi ƙanwata da ɗan yayarmu zuwa bakin kududdufi, wai za ta nuna masa bambancin kwaɗin. A gefen ruwan, tsakanin ledoji da ganyen kainuwa, ga wasu manya sun fito da idanu kawai, da mun matsa sai su yi tsalle a kan ruwan su nutse. Burduddugi ke nan, Hoplobatrachus occipitalis a bakin masana, wanda ake kamawa da yawa a fadamun arewa da kwarin Neja wajen Malanville, a ƙyafe a yi kudu da shi a buhuna.

Shi ma an bincike shi. Ƙungiyar Michael Conlon, wanda ya yi shekaru a jami'ar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ke Al Ain yana tara majinar kwaɗin duniya, ta buga a 2016 cewa ta ciro feftayid huɗu daga fatarsa. Ba su kashe bakteriya ba. Abin da suka yi a faranti shi ne sa ƙwayoyin da ke samar da insulin su ƙara fitar da shi, da kuma rage wani sinadarin kumburi. Aka fita neman abu guda aka dawo da wani. Dangin kwaɗon Zasloff ma muna da su: Xenopus fischbergi, wanda sai a 2015 aka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa, yana cikin tafkunan yankinmu na savana, Xenopus tropicalis kuma yana kurmin kudu. Wannan na biyun shi ne kwaɗo na farko a duniya da aka karanta dukkan kundin gadonsa, a 2010, kuma zuriyar da aka yi aikin da ita asalinta daga Nijeriya aka ɗauke ta. Kwaɗon namu ne, takardun na wasu.

Aikin bai mutu ba. A 2025 ɗakin binciken César de la Fuente a Jami'ar Pennsylvania ya ɗauki wani feftayid na kwaɗon kudancin Asiya, Odorrana andersonii, ya yi ta sauya masa amino asid har aka sami waɗanda ke kashe masu taurin kai irin na ƙafar Baffa, suka kuma yi aiki a jikin ɓeraye. Daga ɓera zuwa mutum tafiya ce ta shekaru, pexiganan ma ya wuce nan kafin ya faɗi. In kuma tafiyar ta kai gwaji a jikin mutane, inda cutar ta fi yawa za a nema, wato wurare irin namu. Kano kuwa ba ta manta 1996 ba, lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a binciken da ya haɗa yara 200 a asibitin IDH, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har sulhun dala miliyan 75 a 2009. Duk mai zuwa da sabon magani garin nan, da wannan tarihin zai fara gaisawa. Ni a ganina maganin wannan shi ne a ga 'ya'yanmu na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano a kan teburin tun daga kama kwaɗon, ba ranar neman sa hannun iyaye ba.

Ƙanwata ta ce a zamaninsu na makaranta kusan kowa ganye ya jiƙa ya ɗiga a faranti don aikin kammalawa, zogale ko darbejiya ko sabara, babu wanda ya waiwayi kududdufi. Matakin farko bai fi ƙarfinsu ba: a tara majinar, a ɗiga a kan ƙwayoyin da ake cirowa daga marasa lafiyarmu, a ga ko fili zai buɗe. Rarrabe sinadaran da karanta jerinsu ne ke buƙatar manyan na'urori da wutar da ba ta ɗaukewa, wannan kuma sai da haɗin gwiwa.

Na ce to me ya hana ta farawa.

Ta ce, "Mai kamawa nake nema, Yaya. Kai kuma na ga yadda ka yi da na banɗaki."